Cigiyar Sama da Cigiyar Baffa Haruna

Tun da na dawo daga Ghana ban huta ba. In na shiga ofishin malamai, tambaya. In na zauna wajen mai shayi a bakin tashar Gaya, tambaya. Har ɗan acaɓan da ke kai ni Toranke ranar Juma'a sai da ya waiwayo muna cikin gudu ya ce, "Malam, wai da gaske kun yi magana da su?" Na ce ya dubi gabansa tukuna, kada mu riga su isa sama. To ga amsa a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in riƙa shan shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ɗan Toranke ne ni, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gaya. Ɗalibai suna kirana Malam Taurari a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Tambaya ɗaya ce ta jawo mini sunan, kuma tun ina yaro take cina: a duk faɗin samaniyar nan da taurarinta, shin babu wata duniya da Allah Ya ajiye halittu masu hankali irin namu? Ba aljanu nake nufi ba. Na gaji da maimaita wannan.

A zauren gidanmu ciwon ya kama ni. Mahaifina yana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Haruna, wanda ya bi motar albasa zuwa Ghana tun kafin a haife ni, da niyyar yin rani ɗaya. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ko gaisuwa ba a samu ba. Kullum bayan la'asar Baba zai fito da rediyonsa ya nemi shirin gaishe-gaishe na tashoshin waje, inda masu sauraro daga Kumasi da Tamale ke aiko da sunayensu, ko Allah zai sa a ambaci ƙanensa. Ni ne mai murɗa masa tasha. Tsakanin wata tasha da wata akwai ƙarar nan mai cewa shuuu, wata rana na tambaye shi su wane ne ke magana a nan. Ya ce, "Waɗanda ba su ƙaraso ba tukuna." Da na girma na karanta cewa wani ɗan kaso na wannan ƙarar daga sama yake saukowa, kuma akwai masana da suka kafa manyan farantai suna sauraro, ko wani zai yi sallama daga wata duniya. Tun daga nan ban warke ba.

A bara ne aka ɗauke ni cikin malaman da za su yi wata 'yar gajeriyar bita a wata tashar sauraron sama da ke wajen birnin Accra. Su za su ba mu horo, mu kai kanmu. Lokacin kuwa gidanmu ba daɗi. Gonar gado tana nan ba a raba ba, saboda Baba ya ƙi a taɓa kason ƙanensa. Yayana Sani yana da 'ya'ya sun tasa, wurin noma ya yi musu kaɗan, shi da sauran dangi suka matsa a je gaban alƙali a tabbatar da mutuwar Baffa a raba. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ce a bakinsa. Daga ƙarshe Baba ya sakko, ya ce in ruwan bana ya sauka babu labari, zai je da ƙafarsa. Ni dai na san ranar da tsohon nan zai buɗe baki ya ce ƙanensa ya mutu, ranar za mu fara rasa shi shi ma.

Da na je yi masa sallama na zayyana masa abin da za ni yi, ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Masu farantin nan, sun taɓa jin wani?"

Na ce, "Ba su taɓa ba, Baba."

"Kuma ba su daina ba?"

"Ba su daina ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To mutanen kirki ne." Ya sa aka ɗauko ƙullin daddawa da garin kuka, ya ce tsarabar Haruna ce. "Tunda cigiyar mutanen sama za ka, ka haɗa da ta ƙanena. Duk wanda ya ce shi ne, ka tambaye shi me ke gabas da gona, a gindin kanya."

Na san amsar. Rijiya ce suka fara haƙa su biyu a ranin da Baffa ya tafi, ba su kai ga ruwa ba. Baba bai ƙarasa ta ba, bai kuma yarda an cike ta ba. Itace ya gitta a bakinta ya rufe da ƙaya saboda dabbobi, duk shekara yana sabunta ƙayar.

Daga Gaya zuwa Kano ba labari, sai akuyar wani bawan Allah da ta ɗanɗana gefen jakata tun daga Wudil. A Kano na hau babbar bas ta Legas, a nan Allah Ya haɗa ni da Hajiya Ladidi, wata 'yar kasuwa mai kai turaren wuta da kayan mata Ghana, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Kujerarta tana gefen tawa. Kafin mu kai Zariya ta gama tatse ni, ta san sunana, aikina, da abin da zai kai ni. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi.

Ta ce, "Ɗana, mutanen da ke ƙasa ma ka gama da su ne?"

Amma da na kawo zancen Baffa sai dariyar ta ɗauke. Ta ce in bar wannan a hannunta, ƙanen mijinta yana unguwar Nima, babu tsohon Bahaushe a Accra da bai sani ba. Daga nan ta mai da ni ɗan rakiya, ni ne riƙe jaka, ni ne sayen ruwa, ita kuma ta ciyar da ni da dambun nama har Legas.

Legas ban gan ta ba, jin ta na yi. Kowa ihu yake, har mai yi maka kwatance. Muka canja mota muka nufi iyakar Seme. A can wani jami'i na ɓangaren Benin ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci. Abin da ya faɗa da Faransanci ban ji ba, amma fuskarsa ta fassara mini. Ya ɗaure ƙullin da sauri kamar mai rufe rami, ya tambaye ni da guntun Turanci me zai kai ni Ghana. Ni kuwa malami, an yi tambaya, sai na gyara tsayuwa na fara bayani a kan duniyoyin da ke zagaya wasu taurari irin ranarmu. Na ga idonsa ya fara sauyawa, yana duban katin rigakafina kamar yana neman wata allura da aka manta ba a yi mini ba. Hajiya ta take mini ƙafa da ƙarfi ta ce masa, "Biki za shi!" Ya buga hatimi.

Da muka wuce ta ce, "A boda ba a darasi. Ka ce biki, ko ka ce rasuwa. Su biyun nan kowa ya san su."

A Kwatano na ga babura har na ji Gaya ƙauyen masu keke ce. Mata da kansu suke tuƙa nasu, da goyo a baya da kwandon kifi a gaba. Na sayi burodinsu dogo mai tauri wanda za ka iya kora akuya da shi, sai ga shi da daɗi. Togo kuwa gaskiya ban ba ta haƙƙinta ba. Gyangyaɗi ya ɗauke ni muna shiga, da na farka aka ce mu sauko mu taka zuwa ƙofar Ghana. A nan na fara ganin teku ido da ido, a hannun hagu, tana ta kai da kawo ba ta gajiya. Na tsaya baki buɗe har Hajiya ta ce in ban taho ba za ta bar ni da 'yan canji.

Masaukina a Nima gidan Alhaji Sumaila ne, ƙanen mijin Hajiya, wani dattijo mai fara'a wanda a can aka haife shi, bai taɓa taka Kano ba, amma in ka ce shi ba Bakano ba ne sai ku ɓata. Ya ba ni ɗaki a saman bene mai taga tana kallon rufin kwanon unguwa. Hausarsu ta yi mini baƙunta kwana ɗaya, tawa ta ba su dariya har na tafi. Yaran gidan suna turo juna su zo su gaishe ni don kawai su ji na amsa, wai ina magana kamar rediyo.

Abinci kuwa na sha mamaki. Da safe koko da ƙosai ne, kuma duk garin, har waɗanda ba su jin ko zo in kashe ka da Hausa, sun san kokon Hausawa ne. Da rana wake da shinkafa, ja wur saboda karan dafi, a tula masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Wanda ya kayar da ni shi ne dokunu, wani curin masara mai tsami da ake dafawa cikin ɓawonta. Lomar farko na zaci ya lalace, na dubi Alhaji da tausayi, na ga yana ta aikawa. Kwana uku ina ƙi, a na huɗu da kaina na nemi ƙari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda maƙwabtansu Kiristoci ke jana'iza. Mu a gida mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Su sai a ajiye gawa makonni, a buga hoton mamaci ƙato a manna a bango, a ɗinka anko, a kafa rumfa, a yi kiɗa. Duk lungun da ka bi fuskokin matattu suna maka murmushi. Ban raina musu ba, kowa da yadda yake kukansa. Sai dai na riƙa tsayawa ina duban hotunan nan. Su matattunsu suna da hoto a kowane bango, ni kuwa ina neman mai rai, ko hotonsa ɗaya babu a duniya.

Alhaji Sumaila bai yi wasa ba. Masallaci masallaci muka bi, ana idar da salla sai ya miƙe ya yi cigiya: Haruna, mutumin Toranke ta ƙasar Gaya, dogo, mai tsagar Barebari, ya zo da albasa shekaru da yawa, yayansa Idi yana nemansa. Sannan ya sa na maimaita cigiyar da bakina a wayarsa, ya tura saƙon muryar ga limamai da sarakunan zango, wato unguwannin Hausawa, na garuruwan da ya sani, ya ce su ma su tura gaba. Ya sa na sayi layin Ghana na saka a 'yar ƙaramar wayata mai maɓallai, lambar muka bayar.

Washegari wani tsoho ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce shi ne Haruna. Na fito da sauri. Dogo ne, ya san Gaya, ya san ranar kasuwarta. Na zaunar da shi na ce, "Baba, me ke gabas da gona, a gindin kanya?"

Ya ce, "Rumbu."

Na girgiza kai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaro, ka yafe mini. Ni mutumin wajen Kademi ne, can kusa da ku. Na ji an ambaci Gaya a masallaci, na ce bari in zo ko na ji Hausar gida."

Na so in yi fushi, abin ya ƙi. Muka zauna har la'asar yana tambayata ko har yanzu ana cin kasuwa kaza, ko wane yana raye. Na gutsura masa daddawar Baffa, na karɓi sunan unguwarsu da na 'yan'uwansa. Na kai saƙonsa Kademi bayan na dawo, amma wannan labarin nasa ne, ba nawa ba.

Tashar da muka je bitar tana bayan gari, cikin wasu 'yan tuddai. Tun daga nesa za ka hango farantin, fari fat, ya fi duk wani bene da ke Gaya tsawo, ya ɗaga fuska sama. Na daɗe ina ganin irinsa a hoto, amma da na tsaya a gindinsa na ji shi yana juyawa a hankali yana gurnani, wallahi idona ya kawo ruwa. Malamar da ta karɓe mu, Dakta Afua, 'yar gajeruwa ce mai kaifin ido da ba ta ɓata magana. Ta fara da rage mana zumuɗi. Ta ce babban aikinsu a nan nazarin taurari ne da gajimaren iskar da ke tsakaninsu, neman masu hankali ɗan reshe ne da ita da wasu suke bi don so. Ta ce farantin ba ya kallo, saurare yake, don haka ba ruwansa da dare ko rana ko hadari.

Na tambaye ta, in sun yi magana, ta yaya za a gane su ne? Ta ce taurari surutunsu a baje yake, kamar hayaniyar kasuwa. Abin da ake nema sauti ne siriri a kan mita ɗaya, wanda sai mai hankali ne zai iya ƙera shi, ya zo ya sake zuwa, in ka kau da faranti ya ɓace, in ka dawo da shi ya dawo. Ta ce kuma dokarsu ta farko ita ce, duk abin da aka ji, a fara zargin mutanen duniyar nan.

Wani malami daga Saliyo ya ce, shekara da shekaru ana saurare ba a ji komai ba, ai an sami amsa ke nan. Ta ce abin da aka saurara bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da ya rage. Ni dai a raina na ce, kamar in yi cigiya a masallaci ɗaya ne a Nima in koma in ce wa Baba babu ƙanensa a Ghana.

Saboda dokar nan ta farko, a bakin ƙofa akwai kwando. Kowa zai kashe wayarsa ya jefa a ciki, domin waya a kusa da faranti kamar mai ganga ne a kusa da mai sauraron raɗa. Kullum ina jefa babbar wayata da ƙaramar. Amma ranar ƙarshe ta zo, babu wanda ya amsa cigiyar sai tsohon Kademi, kuma jibi zan kama hanyar gida hannu wofi. Na tsaya gaban kwandon nan na ji ba zan iya ba. Idan Baffa ya kira ya ji a kashe fa? Mutumin da ya yi shekara arba'in bai kira ba, wa ya ce zai kira sau biyu? Na jefa babbar, na rufe bakin ƙaramar, na zura ta a aljihun gefe na kaftanina. Ni da ke koyar da kimiyya na san rufe bakin waya ba ya hana ta magana da iska. Na sani sarai, na yi.

Da rana aka kai mu wajen wani ƙaramin faranti na koyo, aka saita shi a wani gefen sama, muka kewaye kwamfuta muna kallon wani layi yana 'yar rawa a ƙasan allo. Wannan shi ne shuuu ɗin rediyon Baba, an mai da shi zane. Muna cikin kallo sai layin ya yi tsalle ya miƙe sama, ya tsaya, ya faɗo. Muka matso kusa da allon. Can sai ya sake tashi.

"Ya maimaita!" in ji mutumin Saliyo, shi da ya ce babu kowa. Wata malama ta dafe ƙirji. Ni kuwa sai na ce a raina, ya Rabbi, a gabana? Ɗan Toranke? Ban gama wannan tunani ba na ji cinyata tana zuuu, zuuu.

Dakta Afua ko allon ba ta sake kallo ba. Mu ta bi da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ke da waya?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Dariya ta ɓarke, ita ba ta yi ba. Ta nuna mini ƙofa ta ce, "Wuce can bayan shinge ka amsa wa mutanen samanka."

Na fita kunya kamar ta kashe ni, na wuce mai gadi, na tsaya a gindin wata bishiya. Baƙuwar lamba ce, ta kira sau biyu. Ina riƙe da wayar ina tunanin in bi kiran, sai ta sake motsi. Na ɗauka.

Muryar tsoho ce, a dishe, da Hausar da ta sha ruwan Ghana amma ƙashinta na gida ne. Ya yi sallama, na amsa. Ya ce, "Kai ne ɗan Yaya Idi?"

Na ce ni ne. Na buɗe baki zan yi masa tambayar da aka ba ni, ya riga ni.

"Rijiyar nan ta gindin kanya," in ji shi, "an cike ta?"

Na zauna a ƙasa da farin kaftanina. Na ce, "Ba a cike ba, Baffa."

Da na koma ba wa Dakta Afua haƙuri na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce laifi dai laifi ne, kada in ƙara. Sannan ta cire tabarau ta goge, ta ce tun da take wannan aiki wayoyin mutane ke ɓata mata saurare, yau ce rana ta farko da aka sami wani a ɗaya gefen.

A garin Techiman Baffa yake, tafiyar yini daga Accra. Na same shi a bakin wani ɗakin ajiyar doya a kasuwa, inda yake gadi. Ban buƙaci a nuna mini shi ba, Baba na gani zaune, an rage masa ƙiba. Matarsa ta rasu, yana zaune wajen 'yarsa Asabe, ita ce ta ji saƙon muryar a wayar wata maƙwabciya ta kawo masa. Ta ce kwana biyu yana sa ta maimaita masa, ba ya cin abinci, kafin ya yarda a kira.

Zan faɗi gaskiya, a mota na shirya masa maganganu masu zafi. Ina da haushinsa na shekarun da na ga mahaifina rungume da rediyo. Na tambaye shi me ya hana shi ko aike. Ya ce albasar da ya zo da ita ta dangi ce, ruwa ya dake ta a hanya ta ruɓe. Ya yi rantsuwa ba zai koma hannu wofi ba, sai ya mayar. Shekara ta farko ya ce baɗi, ta biyu ya ce baɗi. "Daga baya kuma ba albasar ba ce," in ji shi. "Kunyar daɗewar ce ta fi ta asarar. Kullum sai ta ƙara nauyi." Na miƙa masa ƙullin Baba. Ya kwance, ƙamshin daddawar da ya kori jami'in boda ya bugi hancinsa, sai ya kifa fuskarsa a ciki ya yi ta kuka. Maganganun da na shirya ban san inda suka bi ba.

Na kira Yaya Sani na ce ya kai wa Baba waya. Na ji takunsa yana gudu, na ji yana cewa, "Baba, Baba, ga Ghana." Na sa wa Baffa wayar a kunne. Na zaci za a yi koke-koke da tone-tone. Ina! Tsofaffin nan gaisawa suka shiga yi kamar jiya suka rabu a kasuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi. Da gaisuwa ta ƙare sai na matso kusa da wayar. Can na jiyo muryar Baba ƙasa-ƙasa.

"Haruna."

"Na'am, Yaya."

"Ba mu kai ga ruwa ba fa. Ka zo mu ƙarasa."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, ko bodar ma ban ji ta ba. A Seme da aka tambaye ni daga ina, na ce biki, kuma a wannan karon ban ji na yi ƙarya ba. Baffa bai biyo ni ba saboda ba shi da takardun tafiya, Asabe tana kan nema musu, sun ce kafin shuka in Allah Ya yarda. Maganar alƙali ta mutu. Yadda za a yi da gona kuwa, 'yan'uwan biyu za su zauna su yanke da bakinsu. Da na je gonar na tarar Yaya Sani ya janye ƙayar da ke bakin rijiya, ya yi magana da masu haƙa, amma Baba ya ce kada a sa ko diga ɗaya sai mai ita ya iso.

Don haka, ɗan acaɓa da sauran masu tambaya: a'a, ba mu yi magana da su ba. Babu wanda ya taɓa ji daga gare su, kuma mai yiwuwa in mutu ba a ji ba. Amma yanzu in wani ya ce mini shiru mai tsawo yana nufin babu kowa, ba na ko yi masa gardama.

Ranar da na isa Toranke, bayan la'asar, na sami Baba a zaure inda ya saba. Rediyon yana gefensa a kashe, ban taɓa ganin haka a wannan lokaci ba. Na ba shi labari tun daga akuyar Wudil har zuwa kwandon waya, ya yi dariyar da na manta yana da ita. Da na gama ya ɗauki rediyon, ya share masa ƙura da hannun riga, ya ɗora mini a cinya.

Ya ce, "Ni nawa ya amsa. Riƙe, ka ci gaba da jiran naka."